Ɗan Dutsen da Tebatso Ta Ɗauko

"Mma, in mutum ya ɗauki abin wanda ya mutu tun da daɗewa, wa zai je ya ba haƙuri?"

Tebatso ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara shida, ranar Lahadi da rana muna cikin cin tuwon masara da kaza. Ba mu kaɗai ba ne a teburin. Yayan mahaifiyata yana nan, Malome Matsobane, wato Kawu Matsobane a yarenmu, wanda ya zo musamman don ya ji yadda muka ƙare da wasansa jiya Asabar.

Malome ya yi dariya ya ce, "Wannan ai sai fasto. Ci abincinki."

Ni ban yi dariya ba. Na san 'yata. Duk lokacin da ta ce "in mutum ya yi kaza", to mutumin yana zaune a gabanka da miya a haɓa.

Na ce, "Tashi ki ɗauko."

Ta shiga ɗaki ta dawo rungume da hular sanyinta, ta ɗora a tsakanin kwanoni ta buɗe. Dutse ne, bai fi babban mangwaro ba, baƙi-baƙi. Ƙasansa sumul kamar an shafa mai, gefensa kuma da 'yan lotsawa. Malome ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

"Na ajiye giwata a madadinsa," in ji Tebatso. "Ai na bi ƙa'ida."

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutum zai ɓoye ɗan akwatin roba a wani wuri, ya sa littafi da fensir da 'yan tarkacen yara a ciki, sannan ya rubuta lambobin wurin a intanet. Kai kuma ka sa lambobin a wayarka, kibiya ta fito, ka yi ta bin ta har ka gano akwatin. Ka rubuta sunanka a littafin. In ka ga abin da kake so a ciki ka ɗauka, amma dole ka ajiye wani abu a madadinsa. Ƙa'idar ke nan, kuma ni da bakina na yi ta nanata wa Tebatso ita tun daga akwati na farko.

Malome ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da labarin ƙasa a nan garinmu Mashishing, a Afirka ta Kudu. Da ya ajiye aiki sai ya ɓoye akwatuna bakwai a cikin kufan da ke kan tuddanmu, inda magabata suka bar katangun dutse. Lambobin na farko kawai ya fitar. Sauran kuwa sai ka tsaya gaban wani dutse ka ƙirga wani abu a jikinsa, ka haɗa, ka rage, sannan lambobin na gaba su fito maka. Shida daga ciki suna wuraren da kowa ke iya bi. Na bakwai, wanda ya fi ji da shi, yana cikin filin wata tsohuwa da kowa ke kira Koko Mosima, wato Kaka Mosima, kamar ita ta haifi iyayenmu duka. Shekara uku Malome yana kai mata buhun lemo da surutu kafin ta yarda. Kuma sharaɗi ɗaya ta kafa, a gaban mutane: ranar da dutse ɗaya ya bar wurinsa, ranar za ta rufe ƙofarta.

Wata biyu ke nan da buɗe hanyar. Baƙi daga Pretoria sun bi, 'yan makaranta sun bi, babu wanda ya taɓa komai. Sai ga dutsen a kan teburina.

Ban kai Tebatso da wasa ba, ya kamata in faɗi wannan. Ni nas ce a asibitin yara, na san abin da tudu ke yi wa yaro. Na jira sai Yuni, lokacin hunturu a ƙasarmu, da sanyi ya kwantar da macizai. Na sa mata takalmi mai rufe idon sawu. Na yanko sanda, na ce mata hannu ba ya shiga rami sai sanda ta riga shi. Na ɗauki ruwa, da bandeji, da shayi a fulas. Duk abin da tudun zai iya yi mata na yi tunaninsa. Abin da ita za ta iya yi wa tudun ne bai taɓa zo mini a rai ba.

Kuma wurin ya ɗauke mini hankali, ba zan ɓoye ba. An ƙona ciyawa a makon, ƙasa ta yi baƙi, sai ga katangun sun fito fili. Tun ina yarinya nake ganinsu ta tagar mota, ina ɗaukarsu tsibin duwatsu. Da na tsaya a kansu sai na ga da'ira ce cikin da'ira, wata na riƙe da wata, tun daga gindin tudu har inda ido ya gaji. Ga burtali tsakanin katanga biyu, ya sauka har rafi, faɗinsa daidai saniya biyu su jera. Ga gonaki an yanka su hawa-hawa a jikin gangare. Babu siminti, babu laka, dutse ne kawai a kan dutse, kuma Malome ya ce wasunsu sun kai shekara ɗari biyar.

A akwati na huɗu takardar Malome ta ce mu ƙirga da'irorin da aka sassaƙa a kan wani falalen dutse. Ina durƙushe ina ƙirgawa da yatsa, sai Tebatso ta ja rigata ta ce, "Mma, ai wancan ne." Na ɗaga kai. Tudun da ke fuskantarmu, da gidajensa da burtalinsa, shi ne a ƙarƙashin yatsana. Wani ya zauna daidai inda nake, ya dubi garinsu, ya sassaƙa shi. Sai da na sake ƙirgawa sau uku, don lambar ta ƙi zama a kaina.

Na bakwai gida ne guda, mai ƙananan ɗakuna da yawa kewaye da wurin kwanan shanu. Akwatin yana waje, a gindin wata bishiya. Na zauna in rubuta sunanmu, na zuba shayi, na huta kamar minti biyar. Ina jin muryarta tana waƙa a cikin ɗakunan, na ce ai tunda ina jin ta lafiya lau ne.

"A wane ɗaki kika ɗauko shi?" Malome ya tambaye ta, a hankali.

"Ban sani ba. Duk iri ɗaya ne."

"Giwar fa, ina kika ajiye ta?"

"A kan katanga wajen fita. Sai da za mu tafi na tuna ban biya ba."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce mini ɗan dutsen niƙa ne. Duwatsun niƙa goma sha huɗu ne a gidan, shi da kansa ya ƙirga, biyar ne kawai suke tare da 'ya'yansu. Yanzu huɗu.

"Saurara, Nas," ya ce, don haka yake kirana in yana son wani abu. "Akwai hanya ta baya, ta burtali. Tsohuwar nan bayan coci barci take yi. Ki hau, ki ɗora shi a kan ko wanne, ki ɗauke giwar, ki sauko. Dutse dai dutse ne."

"Kai ne kake cewa dutse dutse ne, Malome?"

"Yau dai na ce."

Na yarda. Ba don akwatinsa kaɗai ba. Na taɓa jin Koko Mosima tana yi wa wani mai karatun mitar lantarki faɗa, ƙato da shi, ya koma mota yana tuntuɓe. Ban so wannan muryar ta sauka a kan 'yata ba. Na so ma in bar ta a gida, amma babanta yana can aiki a mahaƙar ma'adinai sai ƙarshen wata, maƙwabciyata kuma ta tafi biki. Muka shiga tsohuwar akori-kurar Malome mu uku, dutsen yana cikin jakata a kan cinya. Nauyinsa ya fi girmansa.

Hanyar baya sai an wuce ta gaban gidan Koko kafin a karkata. Muna shan kwana muka gan ta. Tana zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofar shingenta, da bargo a kafaɗa, sandarta a jingine. A kan gwiwarta ga wata 'yar giwar roba, shuɗiya.

"Ta ƙare," in ji Malome, ya kashe mota.

Muka sauka. Na durƙusa na gaishe ta, "Thobela, Koko." Tebatso ta durƙusa a bayana, ta riƙe gefen siket ɗina.

"Matsobane mai akwatuna," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Ka zo da Lahadi, babu lemo. Lafiya?"

"Wucewa muke yi, Koko, muka ce mu gaishe ki."

"Wucewa zuwa ina? Hanyar nan a ɗakin awakina ta ƙare. Tun kana satar mini gwaiba ba ka iya ƙarya ba, ga shi har ka yi furfura ba ka koya ba."

Na buɗe jaka na fito da dutsen, na riƙe shi da hannu biyu. Na ce, "Koko, ni na ɗauka jiya. Ya ba ni sha'awa ne. Na yi kuskure, na dawo da shi."

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ɗaga giwar da yatsa biyu.

"Wannan ma taki ce, Mma Tebatso? A asibitin ake raba muku?"

"Giwata ce," in ji Tebatso daga bayana. "Ni na ɗauka. Na zaci in na ajiye wani abu shi ke nan."

Na matsa na tare ta da jikina, ina jiran faɗan. Bai zo ba. Koko ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta juya ga Malome.

"Kai ka koya mata haka?"

"Ƙa'idar akwati ce, Koko, ba ta duwatsu ba."

"Kai ka san bambancin. Ita shekararta nawa?"

Koko ta dafa sanda ta miƙe, ta shiga gida, ta fito da wani ƙullin tsumma ta cusa a aljihun rigarta. Ta ce kullum da safe sai ta zagaya gidan nan na kan tudu, yau da ta je ta tarar an yi mata ciniki ba da saninta ba.

"Na san inda yake zama," ta ce mini. "Amma ba ni na ɗauke shi ba, ba ni zan nuna ba. Ku mayar da shi wurin uwarsa, ba inda kuka ga dama ba. In kun yi wannan, sai mu yi maganar ƙofa. Kai kuma zauna nan ka tsare mini kujera, da wannan gwiwar taka sai mu kwana a hanya."

Muka hau mu uku. Ta fi shekara tamanin, amma ni ce nake haki. A hanya ina lissafi a raina: goma ne babu 'ya'ya, in na duba girman ramin kowanne da ido ai zan gane. Da muka shiga gidan na ga ba haka ba ne. Kowanne yana zaune a kusurwar ɗakinsa, rabinsa a cikin ƙasa, tsakiyarsa ta lotsa kamar kwano, kuma a idona duk ɗaya suke.

Na ɗora ɗan a kan na farko. Ya zauna. Na ce, "Ga shi, kamar nan ne."

"Kamar," in ji Koko. Ta kwance ƙullin. Jar dawa ce. Ta ɗebo kaɗan ta zuba a ramin. "Niƙa."

Ban taɓa niƙa a dutse ba. Garinmu a leda yake zuwa. Na durƙusa na tura, dutsen ya yi ƙara kamar ana jan tebur, ya karkace, dawar ta yi tsalle ta watse.

"Kin ji? Faɗa suke yi. Ba su san juna ba."

Ta ce mace ɗaya ce take niƙa da dutse ɗaya shekara da shekaru, ɗan yana cin uwar, uwar tana cin ɗan, har kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. In ka kai shi wurin wata uwar zai zauna, amma ba zai yi gari ba. Ta sa Tebatso ta tsince dawar ƙwaya-ƙwaya, muka wuce na biyu.

Na biyu ya fi faɗi. Na uku ya yi zurfi, ɗan ya maƙale. Na huɗu akwai kunama a ƙarƙashin ganyen da ya taru a ciki, sandata ce ta fito da ita, na kuwa ji daɗin ban bar sandar a mota ba. Na biyar, na shida. Gwiwoyina suka goge, safar ƙafata ta yage. Koko tana bin mu tana zama a kan katanga, ba ta cewa komai sai "niƙa" da "tashi". Rana ta fara karkata, inuwar katangun ta miƙe a cikin ɗakunan.

Na gama na goma. Babu wanda ya karɓe shi.

Na zauna a ƙasa, dutsen a cinyata. Na tuna Malome a can ƙasa yana gadin kujera, da shekara ukun da ya yi yana kai lemo. Na ce, "Koko, na gwada duka. Ko dai ba daga gidan nan yake ba?"

"Daga nan yake."

"To wanne na tsallake?"

"Ba ki tsallake ko ɗaya ba."

Tebatso tana tsugune a gefena da dawar a tafin hannunta. Ta ce, "Mma, ai a juye kike riƙe shi."

"Ta ina dutse yake da juye?"

Ta zuba dawar a siket ɗina ta karɓe shi da hannun hagu. 'Yata bahaguwa ce. Shekara biyu ina fama, ina cire cokali daga wannan hannun ina mayarwa wancan, saboda kakarta ta wajen uba tana cewa abin kunya ne a gaban baƙi. Ta juya dutsen sau ɗaya, sai babban yatsanta ya faɗa cikin lotsawar da ke gefe, sauran yatsun suka kwanta a cikin nasu. Hannun ya yi masa ƙanƙanta, amma kowane yatsa ya san inda zai je. Ni tun ɗazu ina ɗaukar lotsawar nan tabon faɗuwa ne.

"Shi ya sa na ɗauka," ta ce. "Shi kaɗai ne ya yi mini daidai."

Na karɓa da hagu na gwada. Ramin babban yatsan ya fi nawa faɗi kaɗan, santsinsa kamar cikin cokali. Fata ce ta cinye dutse har haka. Na yi ƙoƙarin ƙiyasta safiya nawa ke nan, na kasa.

Na miƙe na sake zagaya ɗakunan, wannan karon ina duba ta inda ramin kowanne ya karkata. Tara sun zurma ta dama. Na shida, a wani ɗan ɗaki can baya mai kallon rafi, ya zurma ta hagu. Na riga na durƙusa a gabansa ɗazu, na tura da dama, na tashi.

Koko ta zuba dawar da kanta. Ta ce wa Tebatso, "Ke kika ɗauka. Durƙusa."

Ta durƙusa ta tura, dutsen bai motsa ba, ba ta da ƙarfi.

"Ɗora naki a kan nata," in ji Koko. "Na hagun."

Na durƙusa a bayanta, na rufe hannunta da nawa, muka tura tare. Babu ƙarar jan tebur. Dutsen ya tafi ya dawo kamar a kan ruwa, da wani sauti mai taushi, shuu, shuu, ƙwayoyin suna fashewa a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ban san sau nawa muka tura ba. Sai ga gari yana taruwa a bakin ramin, ja-ja, laushi, ƙamshinsa ya taso irin na kunun da mahaifiyata ke dama mana muna yara. A gaban idonmu ga rafin, ga burtalin da ya sauka gare shi. Duk wadda ta durƙusa a nan abin da take gani ke nan, tana niƙa tana duban ko shanu sun dawo.

Iska kawai ke bi ta ramukan katanga.

"Kakata ce ta nuna mini ita," Koko ta ce daga baya. "Ta ce ita ma haka ta tarar. Babu wanda ya san sunanta. Mun dai san da wane hannu take ciyar da gidanta."

Ta sauko daga kan katangar da ƙyar, ta durƙusa kusa da mu. Ta ɗebi garin da yatsu uku ta barbaɗa a ƙasa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa maƙwabciya ta kan shinge. "Uwar gida, ga kayanki an dawo miki da shi. Yarinya ce, ba ta sani ba. Irinki ce ma." Sannan ta dangwali sauran ta miƙa wa Tebatso a baki.

Ni da nake tafasa ruwan shanta, nake wanke tuffa da sabulu. Na ga gansakuka a gefen dutsen, na ga kashin awaki bai fi taku ɗaya ba. Amma ban hana Tebatso ba. Ta lasa. Koko ta dangwalo ta miƙo mini, ni ma na lasa. Akwai ɗan yashi a ciki, da zaƙi.

Muka bar ɗan a kan uwarsa, ramin yatsan yana kallon inda ya kamata. Koko ta ciro giwar daga aljihu ta ba Tebatso, ta ce ta gaji da ɗaukar dabbar da ba ta ba da nono.

Da muka sauko Malome ya miƙe tsaye, hularsa a hannu. Ya dubi fuskata, ya ga garin a siket ɗina, ya saki ajiyar zuciya.

"An samu ke nan. Koko, na gode. Gobe zan rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe in manna a..."

"Gobe za ka hau, ko ka aiko wani, a sauko mini da akwatinka."

"Amma ai ya dawo, Koko."

"Ya dawo. Ya bar wurinsa ko bai bari ba? A gari ya kwana."

Na sake durƙusawa. Na ce laifina ne, ni na zauna shan shayi. Na ce zan riƙa zuwa duk Asabar ɗin da ba ni da aiki in tsaya a wurin da kaina. Na ce kada ta hukunta Malome saboda sakacina, wannan abin shi ne ke tashinsa da safe tun da matarsa ta rasu.

"Tashi, 'yata, gwiwarki ta sha wahala yau," ta ce. "Ba hukunci ba ne. Yarinyar nan ta ɗauka, ta kasa barci, ta faɗa. Na gaba da zai ɗauka a Pretoria zai kwana, a kan teburin wani, ana danne takardu da shi. Wa zai dawo mini da shi? Wayarku tana kai mutum har kan dutse ba tare da ya gaida kowa ba. Wannan ne ban gane ba lokacin da na yarda."

"Koko, shekara uku," in ji Malome.

"Na sha lemon, ban manta ba. Ka rataye akwatin a bishiyar nan ta ƙofar gidana. Wanda ya warware lissafinka ya iso nan, ya gaishe ni, ya rubuta sunansa. In ƙafata ta yarda, kuma fuskarsa ta yi mini, in hau da shi. In ba ta yi ba, ya sha ruwa ya koma."

"Ai wasan ya lalace ke nan. Mutum ya sha wahalar akwati shida, a ƙarshe ya tarar da tsohuwa a kan kujera?"

"Wasu ma ko tsohuwar ba za su tarar ba, ina coci."

Bai yi dariya ba. A hanyar gida Tebatso ta yi barci a kafaɗarsa, shi kuma bai ture ta ba. Washegari ya aiki wani tsohon ɗalibinsa ya sauko da akwatin, ya shiga intanet ya canza lissafin akwati na shida, yadda lambobin za su kai mutum gindin bishiyar Koko. Lahadi uku bai zo cin abinci ba. A ta huɗu ya zo, ya ci, ya ce kazar ta yi gishiri. Har yanzu in maganar ta taso yakan ce gidan nan shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa nuna wa mutane, kuma ni na rufe shi da kofin shayi. Ba na musa masa. A cikin wata huɗu, mutum ashirin da uku sun rubuta suna a gindin bishiyar. Biyar ta hau da su.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne, tsofaffin lambobin ba su mutu ba. Waɗanda suka bi hanyar a watanni biyun farko suna da su a wayoyinsu, kuma na ji ana tura wa juna. To kai mai karatu, in wani ya turo maka, ko ka iso bishiyar ka tarar Koko ba ta nan, kibiyarka kuma tana nuna maka saura mita ɗari huɗu ta bayan shinge, kada ka tsallaka. Zafi ya shigo, macijiyar nan kasa ta fito tana kwanciya a cikin katangun nan, launinta ɗaya da dutsen, kuma daga can zuwa asibitinmu awa guda ne in motarka tana kusa. Na ga ƙafar yaron da ta sara, ba na so in ga taka. Koko kuma ta riga ta kira wa mutum biyu 'yan sanda, ba ta tsaya tambayar ko 'ya'yan wane ne ba. Ka zauna a kan benci ka jira ta. In ta dawo ta dube ka ta ce yau ba za a hau ba, ka yi godiya ka kama hanya, kuma kada ka zo wurina neman lambobin.